Kwas ɗin TCI na Jami'ar Cornell: Abin da kwana huɗu ke koya wa mai son aikin kula da matasa a cibiyoyin jinya

Duk wanda ya nemi aiki a ɗaya daga cikin cibiyoyin da ake kwantar da matasa masu larurar ƙwaƙwalwa a Amurka, da wuya a bar shi shi kaɗai da yaran kafin ya zauna wani kwas na koyon yadda ake kwantar da rikici. Kwasa-kwasan iri-iri ne, kowace cibiya da wanda ta zaɓa, amma wanda ni na yi, wanda kuma nake sabuntawa sau biyu a shekara tun da na kama wannan aiki shekara huɗu da suka wuce, shi ne Therapeutic Crisis Intervention, wanda kowa a wurin aiki ke kira TCI. 'Yan uwa da dama daga cikin mutanenmu da ke zaune a nan, musamman waɗanda suka gaji da tuƙin tasi ko aikin rumbun ajiyar kaya, sun sha tambayata ko kwas ɗin yana da amfani, ko kuma shi ne ƙofar shiga wannan sana'a. Na ga ya fi sauƙi in rubuta ra'ayina sau ɗaya, dalla-dalla.

Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York ce ta tsara shi a farkon shekarun 1980, ta hannun wani sashe nata da ke bincike kan renon yara a gidajen kwana na hukuma, kuma yanzu ana amfani da shi har a Birtaniya da Ayalan da Kanada da Ostareliya. Abu na farko da ya kamata mai sha'awa ya sani shi ne, ba a zuwa Cornell a sayi kwas ɗin kamar yadda ake sayen fom na makaranta. Jami'ar tana horar da masu horarwa ne na tsawon kwana biyar, su kuma su koma cibiyoyinsu su koyar da sauran ma'aikata. Ke nan ingancin abin da mutum zai samu ya rataya ƙwarai a kan wanda ya tsaya a gaban ajin. A inda na fara aiki kwana huɗu aka ba mu, cibiyar ce ta ɗauki nauyi, an biya mu kuɗin awannin da muka zauna, sa'an nan aka yi mana jarrabawa biyu, ta rubutu da ta gwaji a aikace.

Na shiga ajin da tunanin za a koya mana kokawa. Ban ga laifin kaina ba, domin a Hausa kalmar horo ɗaya ce take ɗauke da ma'anar koyarwa da ma'anar ladabtarwa, kuma ni na tashi a gidan da idan yaro ya ɗaga murya a gaban babba, kowa ya san abin da zai biyo baya. Sai ga shi kusan duk ranar farko ba a yi maganar yaran ba, maganarmu aka yi. An koya mana tambayoyi huɗu da ma'aikaci zai yi wa kansa kafin ya buɗe baki a lokacin da hankali ya fara tashi: me nake ji a raina yanzu, me wannan yaron yake ji ko yake buƙata, yaya wurin da muke ciki yake shafarsa, sa'an nan wace hanya ce ta fi dacewa in bi. Tsarin tambayoyin ne ya fi burge ni, domin an sa ta ma'aikaci a gaba da ta yaro. A lokacin na ɗauka iyayi ne irin na malaman jami'a. Sai da wata yarinya mai shekara 15 ta tofa mini yawu a fuska a watana na biyu, na ji zuciyata na bugawa har cikin kunnuwana, hannuna na rawa, na gane cewa a cikin ɗakin nan ba ita kaɗai ce ke gab da rasa linzamin kanta ba. Da ban riga na saba da tsayawa in lura da fushina ba, da abin da zai fito daga bakina a wannan daƙiƙa ya ɓata aikin makonni.

Daga nan kwas ɗin ya shiga bayanin yadda rikici ke hawa da sauka. Ana zana shi kamar tudu: akwai halin da yaro ya saba zama a ciki, sai wani abu ya tsokano shi, sai tashin hankalin ya riƙa ƙaruwa, sai ya fashe, sai kuma ya fara lafawa. Amfanin wannan zane shi ne yana nuna cewa wurin aikin ma'aikaci na gaskiya yana gindin tudun, ba a ƙololuwarsa ba. An ba mu dabaru ƙanana waɗanda idan aka ji su a baki sai a raina su: rage hayaniya ko hasken ɗaki, matsawa kusa da yaro ba tare da magana ba, tunatar da shi saura minti biyar a kashe talabijin maimakon a kashe kwatsam, taya shi fara aikin gida da ya gagare shi, ba shi damar fita ya sha iska. Ni dai a iya abin da na gani, mafi yawan rikicin da bai faru ba a sashenmu, ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan abubuwa ne ya hana shi.

Tushen tunanin duka shi ne cewa mugun halin da ake gani daga waɗannan yara ciwo ne ke haifar da shi. James Anglin, wani malami ɗan Kanada da ya yi bincike a gidajen kwanan matasa, shi ne ya yaɗa wannan fahimta a wannan fanni, kuma TCI ya rungume ta. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa, kuma fayilolin yaran da nake karantawa suna tabbatar da hakan: duka, fyaɗe, iyaye masu shaye-shaye, yawo daga gidan riƙo zuwa gidan riƙo har sau bakwai ko takwas. Babban binciken nan da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da asibitocin Kaiser Permanente, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 17,000, aka kuma fara wallafa sakamakonsa a 1998, ya nuna yadda wahalar ƙuruciya ke bin mutum har cikin lafiyar jikinsa bayan ya girma. Wasu abokan aiki suna ganin wannan fahimta uzuri ce ake nema wa rashin kunya. Ni ban yarda ba, domin kwas ɗin bai ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama ba, abin da ya ce shi ne a jira har hankalinsa ya dawo kafin a yi masa hisabi, tunda wanda ke cikin firgici ba ya jin wa'azi.

Darasin da ya fi yi mini wuya shi ne na ja-in-ja. An kwatanta shi da jan igiya, inda yaro ke riƙe da gefe ɗaya, babba ke riƙe da ɗayan, kuma shawarar da aka ba mu ita ce babba ya saki igiyar. Ga wanda ya girma da sanin cewa na gaba ba ya janyewa a gaban na baya, wannan magana tana da ɗaci. Wani dare wani yaro mai shekara 16 ya ƙi shiga ɗakinsa bayan lokacin kwanciya ya yi, ya zauna a bakin ƙofa yana zagin duk wanda ya gifta. Da a watannin farko ne, da na tsaya a kansa ina maimaita doka har sai ɗayanmu ya gaji. Maimakon haka na jawo kujera na zauna nesa kaɗan, na ce masa na lura yau mahaifiyarsa ba ta ɗauki waya ba da ya kira. Ya yi shiru na tsawon lokaci, ya ƙara zagina sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, sa'an nan ya tashi ya shige. Babu wanda ya ci nasara a kan wani a daren nan, kuma da safe ya yi aikin da aka ɗora masa saboda zagin ba tare da gardama ba.

A nan ne kuma na ga inda kwas ɗin bai yi nisa ba. Yana yin maganar bambancin al'ada, amma a taƙaice. A wurinmu yaro mai tarbiyya yana sunkuyar da kai idan babba na magana, alhali a nan sau da yawa ana fassara ƙin haɗa ido da rashin gaskiya ko raini. Ni kuma akasin haka ya same ni: na daɗe ina jin yaran da ke kallona ido cikin ido suna yi mini tsageranci, alhali su a wurinsu saurare ne. Ma'aikacin da ya taso a wata ƙasa zai buƙaci ya zauna da kansa ya tantance waɗanne abubuwa ne ke tunzura shi don kawai ba haka aka rene shi ba, kuma wannan aiki ne da kwana huɗu ba za su yi masa ba.

Sashen da na fi ɗauka da daraja shi ne tattaunawar da ake yi da yaro bayan ƙura ta lafa. Asalinta daga Fritz Redl ne, masanin halayyar yara haifaffen Ostiriya, da abokin aikinsa David Wineman, waɗanda suka yi aiki da yara maza masu tsananin faɗa a wani gida a birnin Detroit a shekarun 1940. Abin da suka gano shi ne, maganar da aka yi da yaro a inda abin ya faru, jim kaɗan bayan faruwarsa, da mutumin da ya kasance a wurin, takan fi shiga fiye da wadda za a yi a ofishin likita bayan mako guda. TCI ya tsara ta mataki-mataki: a keɓe da yaron, a bar shi ya faɗi abin da ya faru yadda shi ya gan shi ba tare da katse shi ba, a maimaita masa don ya tabbata an ji, a haɗa masa abin da ya ji da abin da ya aikata, a nemi wata hanya tare, a gwada ta nan take, sa'an nan a mayar da shi cikin 'yan uwansa. Matakin gwajin ne mutane suka fi tsallakewa don yana kama da wasan kwaikwayo, amma shi ne yake sa abin ya zauna. Wannan tattaunawa ce ta bambanta ma'aikacin jinya da mai gadi, kuma ita ce ta fara sa ni tunanin komawa makaranta.

Sai a rana ta uku aka zo kan riƙe yaro da ƙarfi, abin da na zo dominsa tun farko. Kafin a nuna mana ko da yadda ake kama hannu, an shafe awanni ana bayanin yadda mutum ke mutuwa idan aka danne shi: ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya ƙare, kuma yaron da ke ihu yana cewa ba ya iya numfashi gaskiya yake faɗa ko da muryarsa na fita. Wannan tsoratarwa tana da tarihi. A 1998 jaridar Hartford Courant ta jihar Connecticut ta wallafa binciken da ya gano mutum 142, ciki har da yara, da suka mutu cikin shekara goma sakamakon dannewa ko kullewa a irin waɗannan wurare, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka yi dokar lafiyar yara ta shekarar 2000. A cibiyoyin da ke karɓar kuɗin Medicaid, wato shirin gwamnati na biyan kuɗin jinyar masu ƙaramin ƙarfi, don jinyar ƙwaƙwalwar 'yan ƙasa da shekara 21, ƙa'idar tarayya ta ce ba a riƙe yaro da ƙarfi sai da umarnin likita ko wani mai lasisi, dole a duba yaron ido da ido cikin awa ɗaya, umarnin ba zai wuce awa biyu ga 'yan shekara 9 zuwa 17 ba, kuma dole a zauna a yi bitar abin da ya faru cikin awa 24. Duk da haka, a ƙarshen watan Afrilun 2020 ma'aikata a wata cibiya da ke Kalamazoo a jihar Michigan sun danne wani yaro mai shekara 16 na kimanin minti 12 saboda ya jefar da burodi a ɗakin cin abinci, ya mutu bayan kwana biyu.

TCI yana nanata cewa ba a riƙe yaro don ya ƙi bin doka, ko don ya fasa kaya, ko don ya yi zagi, sai dai idan akwai haɗarin rauni nan take ga shi kansa ko ga wani, kuma ko a lokacin ma sai idan riƙon bai fi barinsa haɗari ba. Na gamsu da yadda aka koyar da wannan sashe, kuma a shekara huɗu sau uku kacal na sa hannu a irin wannan riƙo, babu kuma wanda na kwana lafiya bayansa. Sai dai adalci ne in ambaci cewa akwai masu ganin koyar da riƙon ma kansa kuskure ne, domin abin da hannu ya koya zai nemi ranar amfani da shi. Wata ƙungiyar jinya a jihar Virginia mai suna Grafton ta fito da tsarin Ukeru, inda ma'aikata ke kare kansu da abubuwa masu laushi kamar matashin kai maimakon su kama yaro. Na ga hujjarsu, amma ban taɓa aiki da tsarin ba, kuma na taɓa tsayawa tsakanin yara biyu da ɗayansu ke riƙe da karyayyen ƙarfen kujera.

Game da tambayar ko kwas ɗin ne ƙofar sana'a, amsar ita ce ƙofar farko ce kawai. Takardar shaidarsa ba lasisi ba ce, kuma idan mutum ya koma cibiyar da ke amfani da wani tsarin, kamar na Crisis Prevention Institute da aka kafa a Milwaukee a 1980, zai sake zama sabon kwas daga farko. Ba ya koyar da sunayen cututtuka, ko magunguna da illolinsu, ko zurfin yadda ake lura da yarinyar da ke yankan jikinta ko ke ƙin cin abinci, waɗanda duk abubuwa ne da ake cin karo da su kullum. Matakin ma'aikacin kula na kai tsaye, wanda ke tashin yaran da safe, ya ci abinci da su, ya raka su aji, ya leƙa ɗakunansu kowane minti 15 da dare, yawanci takardar sakandare ta isa, wasu wuraren kuma suna son digiri na farko, tare da binciken tarihin laifi da ɗaukar hoton yatsa. Albashinsa bai ɗara na babban kanti da wani abin kirki ba. Mai son zama mai ba da shawara da ke zama da yaro da iyalinsa sai ya yi digiri na biyu, ya kuma yi aiki ƙarƙashin kulawar wani mai lasisi, wanda a jihohi da yawa ya kai awa 3,000 cikin kimanin shekara biyu. Likitan ƙwaƙwalwar yara kuwa, bayan shekara huɗu na makarantar likitanci da shekarun ƙwarewa, sai ya ƙara shekara biyu a fannin yara da matasa. Buƙatar ma'aikata dai tana nan, domin tun a Oktoban 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka suka ayyana halin lafiyar ƙwaƙwalwar yara a matsayin na gaggawa a faɗin ƙasar.

Abin da ya fi damuna ba a cikin littafin kwas ɗin yake ba, a cikin abin da ake yi da shi ne. Su kansu masu tsarin sun ce horar da ma'aikata ɓangare ɗaya ne kawai, dole shugabanni su mara baya, likitoci su rubuta wa kowane yaro tsarin abin da ke tunzura shi da abin da ke kwantar da shi, a kuma riƙa bitar kowane rikici. A cibiyar da na fara aiki, wadda ba zan kira sunanta ba, akwai dararen da muka kasance mu biyu da yara goma sha biyu, saboda wanda ya kamata ya karɓe mu ya bar aiki ba a sami madadinsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba yadda za a yi in keɓe da yaro na minti ashirin ina sauraronsa alhali abokiyar aikina na can ita kaɗai da sha ɗaya, don haka tattaunawar da na yaba a sama sai ta koma fom da ake cikewa da ƙarfe ɗaya na dare. Rahoton da kwamitin kuɗi na majalisar dattawan Amurka ya fitar a watan Yunin 2024 ƙarƙashin Sanata Ron Wyden, bayan binciken manyan kamfanoni huɗu masu gudanar da irin waɗannan cibiyoyi, ya ambaci ƙarancin ma'aikata da ƙarancin horo a cikin manyan dalilan cutar da yara. A watan Disamban 2024 Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a kan wata doka ta yaƙi da cin zarafin yara a cibiyoyi, wadda fitacciyar tauraruwar talabijin Paris Hilton ta daɗe tana fafutukarta bayan ta ba da labarin abin da ta ce an yi mata a wata makarantar kwana a jihar Utah tana yarinya. Mu da muka ga hotunan mutanen da 'yan sanda suka fito da su da mari a ƙafa daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a watan Satumban 2019, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan abin da ke faruwa idan aka tara yara masu damuwa a bayan katanga aka bar su da mutanen da ba a sa wa ido.

Saboda haka shawarar da nake ba mai neman aiki ita ce ya mayar da kwas ɗin ma'aunin da zai auna cibiyar. A wurin ganawar ɗaukar aiki ya tambaya ko za a kammala horar da shi kafin a bar shi da yara, sau nawa ake sabuntawa a shekara, ma'aikata nawa ne ke kwana da yara nawa, wa ke zama da ma'aikaci bayan an yi rikici, sa'an nan ko cibiyar tana taimakawa da kuɗin karatu. Inda nake aiki yanzu sun amsa duka biyar ba tare da kame-kame ba, kuma da tallafinsu nake karatun digiri na biyu a fannin walwalar jama'a da yamma.

Ga 'yan uwana mata akwai wani ɗan bayani da babu wanda ya yi mini. Ranar gwaji a aikace ana kama juna sosai, a tsaye da a zaune da a kan katifa, kuma ajin a haɗe yake maza da mata. Na yi wa mai koyar da mu magana tun da safe, ya haɗa ni da mata biyu ba tare da wata tambaya ba. Za a ce a cire zobe da 'yan kunne da agogo, a yanke farce. Doguwar gyale ko mayafi mai allura ba su dace ba, a ajin da ma a wurin aikin, domin yaron da ya fita hayyacinsa abin da ya fi kusa da hannunsa yake damƙa. Ƙaramin hijabi na sakawa wanda bai sauka ƙasa da kafaɗa ba shi nake amfani da shi, kuma nakan ajiye guda ɗaya na canji a cikin akwatina na wurin aiki.